Siminti, Langa-langa da Buhun Taki a Kan Allon Zane: Sharhi kan Aikin Wani Matashi a Maradi

Akwai wani matashi a Maradi da ke yin zanen da hoton waya ba ya iya nuna shi yadda yake, domin rabin abin da ke cikinsa tudu ne da kwari, kuma sai mutum ya tsaya a gabansa, haske ya faɗo masa ta gefe, sannan yake ganin abin da aka yi. Fentin da yake saye kaɗan ne. Kayan aikinsa su ne siminti, da gutsattsarin langa-langa, da garin ƙarfen da ke taruwa ƙarƙashin injin masu walda, da buhunan taki, da wayar wutar da aka fere, da kwalta, da yashin Gulbi. Yana haɗa su a kan allon katako, ya goge wani wuri, ya kankare wani, ya bar wani ya yi tsatsa da gangan. Masu leƙa wurin da yake aiki sun kasu biyu: wasu na cewa yaron ya tara bola ya manna, wasu kuma, musamman waɗanda suka taɓa ganin irin wannan a intanet, suna fara yabo tun kafin su duba. Ina ganin duka ɓangarorin sun yi gaggawa. Aikin ya kai matsayin da za a auna shi da gaske, kuma ma'aunin da na ga ya dace da shi guda biyu ne: ko kayan da aka manna suna faɗin wani abu da fenti ba zai iya faɗa ba, da kuma ko an haɗa su ta yadda za su zauna tare bayan zafin bazara da ruwan damina sun bi ta kansu.

Ya kamata a fara da allo guda, a dube shi da kyau. Girmansa ya kai na ƙyauren ɗaki. Kashi ɗaya cikin uku na ƙasa siminti ne da aka cuɗa da jan yashi, aka shafa shi da kauri, sannan aka ja haƙoran tsohon zarto a kai tun yana ɗanye, har ya fitar da layuka kamar kunyoyin gonar da aka yi wa huɗa. A tsakiya akwai fallen langa-langa da aka buga ya miƙe, amma ba a ɓoye ramukan ƙusoshinsa ba. Suna nan a jere, kuma ƙarƙashin kowane rami akwai zirin tsatsa da ya gangaro, wanda ruwan sama na shekaru ya zana tun fallen yana bisa rufin wani. A sama an shimfiɗa buhun taki, an ɗinke shi da jikin langa-langar da wayar tagulla, an shafe shi da farar ƙasa ta yadda lambobin 15-15-15 da ke nuna haɗin takin kawai ke leƙowa. Babu mutum a cikin zanen, babu dabba, babu ko itace. Duk da haka manomin da ya tsaya a gabansa ba ya buƙatar a fassara masa komai, domin ya san iskar farkon damina da ke yaye rufi, ya san abin da kuɗin buhun taki ke yi wa lissafin gida, ya kuma san jar ƙasar da aka noma har ta gaji. Da an zana wannan fallen da burushi, da sai a ce mai zanen ya iya kwaikwayo. Da aka kawo fallen kansa, tsatsar ta zama shaida, domin an san cewa akwai iyalin da suka kwana ƙarƙashinsa.

Wannan hanya tana da tarihin da ya wuce shekara ɗari a Turai. A 1912 mai zanen nan ɗan Sifaniya, Picasso, ya manna wata shimfiɗar roba mai hoton saƙar kujera a jikin zanensa, ya kewaye shi da igiya, kuma daga nan ƙofa ta buɗe. Amma wanda ya fi kusa da abin da matashin Maradi ke yi shi ne Alberto Burri, ɗan Italiya da aka haifa a 1915. Likitan soja ne, aka kama shi a Tunisiya a 1943, aka kai shi sansanin fursunonin yaƙi a jihar Texas ta Amurka, inda ya fara zane. Da ya koma gida ya bar likitanci, ya shiga aiki da kwalta, da tsofaffin buhuna masu faci, daga baya da roba da yake ƙonawa da harshen wuta. Masu kallo da yawa sun ga raunuka da ɗinkin tiyata a cikin buhunansa, a ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita. Abin lura a nan shi ne buhun Burri ya fito daga talaucin Italiya ta bayan yaƙi, wato kayan da mutumin da zamanin sun dace da juna.

A yammacin Afirka misalan sun fi kusa da mu, kuma su ne matasanmu ke gani a waya. El Anatsui, ɗan Gana da aka haifa a 1944, wanda ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka ta Najeriya a 1975, ya shahara da manyan shimfiɗu na murafen kwalaben barasa da ake bugawa a ɗinke da wayar tagulla, kuma a 2015 aka ba shi lambar Zakin Zinariya ta bajekolin fasaha na birnin Venice a Italiya saboda aikin rayuwarsa. Murfin kwalbar barasa a gaɓar teku yana ɗauke da tarihin cinikin da Turawa suka yi da mutanen wurin, har da cinikin bayi. Romuald Hazoumè na Porto-Novo, wanda aka haifa a 1962, yana aiki da jarkokin da ake fasa-ƙwaurin fetur da su daga Najeriya zuwa Benin, kuma babban aikinsa da ke gidan tarihin Birtaniya ya jera jarkoki 304 a siffar jirgin ruwan jigilar bayi. Ibrahim Mahama, ɗan Tamale da aka haifa a 1987, yana lulluɓe gine-gine da buhunan algarara da ake saƙawa a Asiya, a kawo su Gana a zuba koko, in sun tsufa su koma hannun masu gawayi da hatsi. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan uku ya ɗauki abin da tattalin arzikin garinsa ke yarwa, kuma ya san dalilin da ya sa abin ya zo garin da hannayen da ya bi kafin a yar da shi.

Idan aka yi wa Maradi wannan tambaya, amsar tana da yawa. Gari ne da ambaliyar Gulbi ta 1945 ta rushe, aka sake gina shi a kan tudu. Gari ne da gyaɗa ta ɗaga, sannan farin shekarun 1970 ya karya cinikinta, Alhazai suka juya ga fataucin kaya tsakanin Nijar da Najeriya ta hanyar Ɗan Issa da Jibiya zuwa Katsina. Saboda haka sharar Maradi sharar fatauci ce: buhuna, da kwalaye, da igiyoyin ɗaure kaya, da tayoyin manyan motoci, da jarkoki, da kwalaben da ake sayar da fetur a bakin hanya, da ledar da dokar 2014 ta hana amma har yanzu take maƙale a ƙayoyin bayan gari, tana kashe awaki idan suka haɗiye ta. Mai zanen da ya fahimci wannan yana zaune a kan ma'adinai. A allunan matashin da na fi so, kayan sun fito daga wannan rayuwa kai tsaye. A wasu kuma, kuma dole a faɗi wannan, ya jera murafen kwalaben lemo ya ɗinke su da waya, kuma duk wanda ya san aikin El Anatsui zai gane daga ina tunanin ya fito. Murfin lemo a Maradi ba ya ɗauke da nauyin da murfin barasa ke ɗauke da shi a gaɓar teku, don haka waɗannan allunan suna da ƙyalli amma ba su da abin faɗa. Koyi da na gaba hanya ce ta koyo, kuma kowane almajirin sana'a ta nan yake farawa, sai dai bai kamata a daɗe a wurin ba.

Masu cewa wannan salo baƙo ne a ƙasar Hausa ina ganin sun manta da maginanmu. Tun kafin siminti ya zo, magina suna yin laso, kuma duk abin da ke cikin laso ragowar wata sana'a ce. Katsi shi ne dattin da ke kwanciya a gindin rijiyar marina bayan an gama rini da baba, a kwashe shi, a busar, a ƙona. Gashin jima shi ne gashin da majema ke kankarewa daga fatar akuya. Dafara kuma tsiro ne da ake daka saiwarsa a jiƙa ta ba da ruwa mai yauƙi. Idan aka haɗa ukun sai a sami shafen da ruwa ba ya ratsawa, wanda ake yi wa rufin soro, da bango, da cikin rijiyoyin marinar kansu. Akwai kuma makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, wadda ke ƙarfafa yaɓe ta ba shi launi. A kan irin wannan yaɓe ne aka yi zanen bango mai tudu da kwari da har yanzu ake gani a unguwar Birni ta Damagaram da tsofaffin gidajen Kano da Zariya. Wato sharar marina da sharar majema, waɗanda su ne masana'antun wancan zamani, sun daɗe da hawa bangon Bahaushe a matsayin ado. Yankin da ya shahara da jar akuyar Maradi da fatarta bai kamata ya yi mamakin wannan ba. Haka kuma har gobe ana yanka taya a yi takalmi, a ɗinka guga da robar cikin taya, a narka gwangwanaye a zuba tukunya. Bambancin kawai shi ne mai zubin tukunya yana shafe tarihin gwangwanin don ya yi amfani, shi kuwa mai zane yana barin tarihin a fili don a karanta.

Amma darasin laso bai tsaya ga asalin kayan ba, kuma a nan ne nake da damuwa ta gaske game da aikin matashin. Maginan da suka yi laso sun san yadda kowane abu ke aiki: gashi yana hana tsagewa, dafara tana riƙewa, katsi yana taurarewa, kuma ilimin ya taru ne daga gwaji na tsawon zamani. Kayan masana'antun yau ba a yi su don su zauna tare a kan allo ɗaya ba, kuma da yawansu abokan gaba ne.

A ɗauki siminti da fenti mai mai. Sabon siminti yana da kaifi irin na ruwan toka, kuma duk macen da ta taɓa dafa sabulun gargajiya ta san abin da ruwan toka ke yi wa mai: yana mayar da shi sabulu. Abin da ke faruwa ke nan a ƙarƙashin fentin idan aka shafa shi a kan simintin da bai gama bushewa ba. Wurin haɗuwarsu yana yin laushi, fentin ya kumbura, ya ɓare. Magina suna lissafa kwana 28 kafin siminti ya kai ƙarfinsa, kuma ko bayan haka yana iya fitar da farin gishiri idan danshi ya ratsa shi. Langa-langa ma tana da irin wannan matsala, domin tutiyar da aka shafe ta da ita don hana tsatsa ba ta jituwa da fenti mai mai, shi ya sa ake ganin fentin rufi yana saɓulewa falle-falle idan ba a yi masa shafen farko da ya dace ba. Sannan siminti ba ya lanƙwasa, katako kuwa yana shan danshi a damina ya kumbura, ya bushe a hunturu ya tsuke. Idan ba a buga ragar waya a jikin allon kafin a shafa simintin ba, shekara ɗaya ta isa ta raba su. Na ga wani allonsa na farko-farko da kusurwarsa ta ƙasa ta riga ta ɓalle, katakon ya fito tsirara, kuma dalilin ke nan.

Kwalta ta fi kowanne yaudara, saboda baƙinta yana da zurfi da sheƙin da babu fentin da ke ba da shi. Matsalarta ita ce ba ta bushewa irin bushewar fenti; tana tauri da sanyi, ta yi laushi da zafi. Masu zanen Turai na ƙarni na 19 sun ruɗu da ita, kuma babban zanen Géricault, mai zane ɗan Faransa, na 1819 da ke gidan tarihin Louvre a Paris yana cikin misalan da aka fi ambata na yadda take duhunta zane tana tattare fuskarsa. Idan haka ta yi a sanyin Faransa, sai a ƙiyasta abin da za ta yi a ɗakin langa-langa a Maradi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa. Baƙin man inji da ake zubarwa a gareji ya fi ta muni, domin shi ba ya bushewa har abada. Man da ake yin fenti da shi iri ne na musamman da ke shan iska ya daskare. Man inji ba ya cikin wannan iri, man gyaɗa ma ba ya ciki. Duk inda aka ɗiga baƙin mai zai ci gaba da yaɗuwa cikin buhu da katako, yana kama ƙura, yana hana gam riƙewa.

Tsatsa kuma, wadda ita ce mafi kyawun launi a aikinsa, ba ta tsayawa don mai zane ya ce ya gama. Muddin akwai iska da danshi tana ci gaba da cin ƙarfe, kuma tana ɗaukar wuri fiye da ƙarfen da ta cinye, shi ya sa take fasa simintin da ke kewaye da ita kamar yadda ake gani a ginshiƙan gine-ginen da rodinsu ya sha ruwa. Inda aka ɗinke alminiyam ko langa-langa da wayar tagulla, haɗuwar ƙarafa biyu mabambanta cikin danshi tana hanzarta lalacewar ɗayansu a daidai bakin ramin ɗinkin. Leda da buhun taki kuwa gam ba ya kama su sosai, sai dai a ɗinka ko a buga ƙusa, kuma rana tana mayar da su gari. Duk wanda ya bar buhu a tsakar gida wata biyu ya ga haka. Fentin akirilik, wato fentin roba da ake sirkawa da ruwa, wanda ya fi jituwa da siminti, shi ma yana yin taushi da zafi, ƙurar hunturu ta lafe a jikinsa ta ƙi fita. Ga kuma gara, wadda ba ta raina kowane katako.

Wani zai ce lalacewar ma wani ɓangare ne na ma'anar aikin, tunda zanen yana magana ne a kan abubuwan da ke tsufa su ruɓe. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma akwai manyan masu fasaha da suka zaɓi hakan da saninsu. Sharaɗin shi ne ya kasance zaɓi. Idan mai zane ya yanke shawarar cewa tsatsar wannan allo za ta ci gaba da gangarowa shekara goma, ya tsara inda za ta bi, ya kuma faɗa wa mai saye, to ya yi aikinsa. Idan kuwa allon ya ɓare ne saboda ba a san siminti yana cin fenti ba, wannan kuskuren sana'a ne, kuma wanda ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin ya ji an cuce shi. A garin fatake, inda amana ita ce jarin da ya fi kuɗi, allo ɗaya da ya zube a falon wani Alhaji ya isa ya rufe ƙofar gidaje goma ga duk masu irin wannan zane.

Batun lafiya ya fi wannan gaggawa, kuma ba na jin ana yi wa matasan da ke wannan aiki bayaninsa. Ƙona roba don a sami ƙuraje da kumfa a fuskar zane yana fitar da hayaƙi mai cutar huhu, musamman robar bututun ruwa da rigar wayar wuta, waɗanda ke fitar da iska mai ƙona maƙogwaro da ido. Goge siminti da yashi a bushe yana tayar da ƙurar da ke zama a huhu. Tsohon fenti a jikin ƙarfe yana iya ƙunsar dalma, batirin mota kuwa cike yake da ita. Mutanen wannan yanki ba su manta da abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. Abin da ya sa ta yi wannan ɓarna shi ne an kai aikin tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Mai zanen da ke kankare tsohon ƙarfe a zauren gidansu yana buɗe irin wannan ƙofa, ko da a ƙaramin ma'auni ne. Aiki a fili, da jiƙa abu kafin a goge shi, da rufe hanci da abin da ya dace, da nisantar batir gaba ɗaya, ba su rage komai daga fasaha.

Akwai wani ɓangare da wannan salo ya sami sauƙi a Maradi, wato batun addini. Gari ne na malamai da makarantu, kuma mutane da yawa suna ƙyamar rataya surar abu mai rai a ɗaki, bisa abin da suka karanta a wajen malamansu. Wannan ya daɗe yana taƙaita kasuwar masu zanen fuska. Allon siminti da langa-langa ba ya shiga wannan saɓani, kamar yadda zanen bango da aikin wuyan riga da adon ƙwarya ba su shiga ba. Idon Bahaushe ya saba da karanta siffar da ba hoton kowa ba ce. Ya san dagi, ya san aska takwas a gaban babbar riga. Saboda haka zancen cewa mutanenmu ba za su fahimci zanen da babu mutum a ciki ba zance ne da tarihin adonmu ya ƙaryata. Abin da ke hana su saye wani abu ne daban: a wajen mai kuɗin Maradi, ado yana nufin sabon abu mai sheƙi, tayil da labule da fitilu daga Dubai ko Sin, kuma tsohuwar langa-langa tana tuna masa da abin da ya yi wahala ya baro. Wannan ji ne na gaskiya, ba a kawar da shi da gardama.

Shi ya sa idon matasa ke komawa waje, ga ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da 'yan kasuwar fasaha na Yamai, da bajekolin Dakar da ake yi duk shekara biyu tun farkon shekarun 1990, da kasuwar fasaha ta Legas da aka fara a 2016. Babu laifi a nemi kasuwa inda take. Haɗarin shi ne mai saye na waje yakan zo da labarin da yake son ji, wato ɗan Afirka matalauci da ya mayar da shara zinariya, kuma idan mai zane ya lura wannan labari ne ke sayar da allo, sai ya fara yin allunan da suka dace da labarin. Daga nan kowace leda ta zama jawabi kan muhalli, kowace jarka ta zama jawabi kan talauci, aikin ya zama ɗaya da na ɗaruruwan matasa daga Bamako zuwa Nairobi. Zanen bai rage sharar Maradi da komai ba, kuma bai kamata a ɗora masa wannan nauyi ba. 'Yan gwangwan da ke bi unguwa-unguwa da kura sun fi kowane mai zane kwashe ƙarfe. Ga kuma wahalar da ba a cika faɗa ba, cewa allon siminti mai girman ƙyaure yana da nauyin da sai mutum biyu sun ɗaga, ba ya naɗuwa kamar zanen ƙyalle, kuma tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai a bayan mota tana iya fasa shi. Shimfiɗun El Anatsui suna ninkuwa su shiga akwati, kuma wannan yana cikin abin da ya sauƙaƙa musu zagaya duniya.

Abin da nake fata ga matashin, da sauran masu bin wannan hanya, ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Malaman da yake buƙata suna kewaye da shi: tsohon magini da ya san laso da makuba, da mai fentin mota da ya san shafen farko da ke kama ƙarfe, da kafinta da ya san katakon da gara ke gudu, da malaman kimiyyar haɗa sinadarai na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi, waɗanda za su iya gaya masa cikin awa ɗaya abin da zai ɗauke shi shekaru yana ganowa da asara. Zai iya yin ƙananan allunan gwaji, kowanne da haɗinsa, ya rubuta abin da ya zuba, ya ajiye wasu a rana wasu a ɗaki, ya duba su bayan hunturu da bazara da damina sun zagayo. Zai iya rage kaurin simintin, ya gwada haɗa shi da gashin jima kamar yadda magabata suka yi da katsi, domin allon ya yi sauƙin ɗauka ya kuma rage tsagewa. Ya kamata kuma a bayan kowane allo ya rubuta shekarar da ya yi shi, da kayan da ke ciki, da inda ya samo su, da ko tsatsar an tsayar da ita ko an bar ta ta ci gaba, domin wanda zai gyara allon nan gaba ya san abin da yake taɓawa, mai saye kuma ya san ko zai rataya shi a bangon da rana ke bugawa ko a'a.